Dokar Awa 1,500: Abin da Ta Ce da Yadda Ta Taɓa Matuƙa da Ƙananan Kamfanonin Jiragen Sama a Amurka

A Amurka, kafin mutum ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi a jirgin da ke jigilar fasinja, doka ta ce sai ya tara awa 1,500 yana tuƙi a sama. Kafin shekarar 2013 awa 250 da lasisin tuƙin kasuwanci sun isa. Wato a tashi ɗaya aka ninka sharaɗin sau shida. Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka tayar da zancen ƙarancin matuƙa a ƙasar, wannan doka ce ake fara nuna wa yatsa, wasu suna cewa ita ta jawo matsalar, wasu kuma suna cewa ita ce ta ceci rayuka, kada a kuskura a taɓa ta.

Asalin dokar haɗari ne. Daren 12 ga Fabrairun 2009, jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407, ƙirar Q400 mai farfela biyu, ya taso daga Newark zuwa Buffalo a jihar New York. Yana dab da sauka ya faɗa kan wani gida a garin Clarence Center. Mutum 49 da ke cikinsa duk suka rasu, da mutum ɗaya a cikin gidan. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa gudun jirgin ya ragu matuƙan ba su ankara ba. Idan gudun jirgi ya yi ƙasa da kima, fikafikansa sukan daina ɗaukarsa, kuma maganin abin shi ne a sunkuyar da hancin jirgin a ƙara wa injin wuta. Da sandar tuƙi ta fara girgiza don gargaɗi, sai kyaftin ɗin ya ja ta baya, ya ƙara ɗaga hancin. Daga nan jirgin ya ƙwace musu.

Abin da ya fi tayar wa jama'a hankali shi ne abin da binciken ya tono game da rayuwar matuƙan. Mataimakiyar, mai shekara 24, albashinta bai wuce kusan dala 16,000 a shekara ba. Tana zaune ne a yankin Seattle, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma ta kwana a hanya cikin jiragen dakon kaya don ta iso wurin aiki. Shi kuwa kyaftin ɗin ya taɓa faɗuwa jarrabawar tuƙi fiye da sau ɗaya, kamfanin kuma bai san duka ba lokacin da ya ɗauke shi. Ga wani abu kuma: fasinjojin tikitin babban kamfanin jiragen sama na Continental suka saya, jirgin ma fentin Continental Connection ne a jikinsa. Da yawansu ba su san wani kamfani ne daban ke tuƙa su ba.

Iyalan mamatan ba su koma gida sun yi shiru ba. Sun yi ta zarya zuwa Washington har majalisar dokoki ta zartar da dokar tsaron jiragen sama, Shugaba Obama ya sa mata hannu ranar 1 ga Agustan 2010. Dokar ta umarci hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato FAA, ta tsara ƙa'idoji, kuma ƙa'idar da ta shafi mataimakan matuƙa ta fito a 2013.

To me ƙa'idar ta ce? Zuciyarta ita ce dole mataimakin matuƙi ya mallaki lasisi mafi girma, wanda ake kira ATP, irin wanda a da kyaftin kaɗai ake nema wa. Wannan lasisi yana buƙatar shekara 23 da haihuwa da awa 1,500, a ciki har da awa 500 na tafiya tsakanin garuruwa, awa 100 na dare, da awa 75 na tuƙi da na'urori kawai ba tare da dogaro da ido ba. Kafin a zauna jarrabawarsa sai an yi wani kwas na awa 30 a aji da awa 10 a na'urar kwaikwayon tuƙi. Sannan dole ya samu shaidar ƙwarewa a kan irin jirgin da zai tuƙa.

Akwai sassauci, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Wanda ya koyi tuƙi a rundunar sojan Amurka, awa 750 sun ishe shi. Wanda ya yi digirin farko a fannin tuƙin jirgi a jami'ar da FAA ta amince da ita, awa 1,000. Mai karatun shekara biyu a irin wannan makaranta, awa 1,250. Waɗannan ana ba su lasisi mai iyaka tun suna shekara 21, su yi aikin mataimaki amma ba za su zama kyaftin ba sai sun cika sauran sharuɗɗan.

Akwai kuma wani sharaɗi a cikin ƙa'idar da ba a cika ambata ba, alhali shi ne ya fi matse ƙananan kamfanoni daga baya: mataimaki ba zai hau kujerar kyaftin ba sai ya yi awa 1,000 a aikin jigilar fasinja ko makamancinsa. Dokar 2010 ta kuma haifar da sabbin ƙa'idojin hutu da suka fara aiki a Janairun 2014, inda aka wajabta hutun aƙalla awa 10 kafin a koma aiki, da rumbun bayanai na tarihin kowane matuƙi don kada wani ya sake ɓoye faɗuwarsa a jarrabawa. Ƙarin hutu yana nufin kamfani yana buƙatar ƙarin matuƙa don yin aikin da yake yi a da.

Domin a gane dalilin da ya sa nauyin ya sauka a kan ƙananan kamfanoni, sai an san yadda suke samun kuɗi. Kamfanoni irin su SkyWest, Republic, Endeavor, Envoy, PSA da Piedmont galibi ba sa sayar da tikiti da sunansu. Manyan kamfanoni uku, American, Delta da United, su ne ke ba su kwangilar ɗaukar fasinja daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filayen jirgi, a jirage masu kujeru 50 zuwa 76, da fentin American Eagle ko Delta Connection ko United Express. Wanda ya fi arha shi ke samun kwangila, kuma hanya mafi sauƙi ta yin arha ita ce matse albashin matuƙa. Shekaru da yawa abin yana tafiya, domin matasa sun yarda su sha wahalar ƙaramin albashi don su tara awanni, su haye zuwa babban kamfani. Ƙaramin kamfani tamkar tashar wucewa ce, kowa ya shigo idonsa yana kan motar gaba.

Da dokar ta zo, sai wannan lissafi ya rushe. Matashi ya kashe dala 80,000 zuwa 100,000, yawanci bashi, ya fito da awa 250 ko kusa da haka. Sauran awa 1,250 fa? Hayar jirgi don tara su ya fi ƙarfin kusan kowa. Don haka yawancinsu sukan zama malaman tuƙi a makarantun da suka koya, wasu su ja tutar talla a bakin teku, wasu su ɗauki masu diro da laima, wasu su yi sintirin duba bututun mai. Ana ɗaukar shekara ɗaya zuwa biyu a haka. Bayan duk wannan, a ce mutum ya zo ya karɓi albashin da bai kai na direban babbar mota ba? Da yawa suka ce a kai kasuwa.

Sakamakon bai daɗe ba ya bayyana. A Fabrairun 2016 Republic ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi, ya ce rashin matuƙa ya sa ya ajiye jirage. Great Lakes Airlines, wanda ke hidima ga ƙananan garuruwan tsakiya da yammacin ƙasar, ya kai ga cire kujeru daga jiragensa masu ɗaukar mutum 19 ya bar tara, don ya koma ƙarƙashin wasu ƙa'idoji masu sauƙi da ba su buƙatar awa 1,500 ga mataimaki. Hakan bai cece shi ba, ya rufe a Maris na 2018.

Sai annobar korona ta zo a 2020. Manyan kamfanoni suka lallashi dubban tsofaffin matuƙa suka yi ritaya tun lokaci bai yi ba. Da tafiye-tafiye suka dawo da ƙarfi, suka shiga ɗaukar matuƙa ba ƙaƙƙautawa, kuma daga ina? Daga ƙananan kamfanoni, musamman kyaftin-kyaftin. Nan ne sharaɗin awa 1,000 ya nuna kansa. Kamfani zai iya cika da sabbin mataimaka, amma in babu kyaftin jirgi ba zai tashi ba, kuma ba a yin kyaftin da gaggawa. A 2022 shugaban American ya ce suna da kusan jirage 100 na ƙananan hanyoyi a ajiye saboda babu masu tuƙa su. A Maris na shekarar SkyWest ya sanar da niyyar janyewa daga garuruwa 29 da gwamnati ke biyan tallafi don a riƙa kai musu jirgi, ƙarƙashin shirin da aka kafa tun 1978, sai ma'aikatar sufuri ta ce ya dakata har a samu madadinsa. A Satumba American ya daina zuwa Dubuque, Toledo, Ithaca da Islip. Ga mutumin Dubuque da ke jihar Iowa, a lokacin sai ya yi doguwar tafiya a mota kafin ya ga jirgi, ko zuwa asibiti za shi ko jana'iza.

Matuƙan su ne suka ci riba, kuma sun cancanta. A tsakiyar 2022 ƙananan kamfanonin da American ya mallaka suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki daga kusan dala 51 zuwa 90 a kowace awar tuƙi, sauran suka bi sahu, har da kuɗin maraba masu tsoka ga kyaftin. Ƙungiyar ƙwadagon matuƙa ta ALPA ta daɗe tana cewa ba ƙarancin matuƙa ake yi ba, ƙarancin masu yarda su yi aiki a wulaƙantaccen albashi ne. Akwai gaskiya a maganar, domin da albashi ya tashi makarantun tuƙi sun cika. Amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Jirgi mai kujeru 50 da ke biyan matuƙa ninki biyu ba lallai ya fitar da kuɗinsa a ƙaramin gari ba, don haka garin da aka bari ba lallai a koma masa ba ko da matuƙa sun wadata.

Masu sukar dokar suna da hujja mai ƙarfi da ba za a yi watsi da ita ba. Matuƙan jirgin Colgan dukansu sun wuce awa 1,500: kyaftin yana da sama da 3,300, mataimakiyar sama da 2,200. Da sharaɗin awannin yana nan a lokacin, da bai hana su tashi ba. Kuma awa dubu a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ana kewaya filin makaranta cikin rana tsaka, ba ta koya wa mutum yadda zai yi da jirgin fasinja a cikin ƙanƙara da dare. A Turai matashi kan zauna kujerar mataimaki a jirgin Airbus da awa 200 ko ɗan sama da haka, bayan horo mai tsauri da aka tsara tun farko don aikin. Masu kare dokar kuma suna nuna cewa daga 2009 aka shafe kusan shekara 16 ba a sami babban haɗarin jirgin fasinja na kamfanin Amurka ba, har zuwa Janairun 2025 da jirgin PSA ya yi karo da helikwaftan soja a Washington, mutum 67 suka rasu. A ganina wannan nasara ba ta awanni kaɗai ba ce. Horon farfaɗo da jirgi idan ya ƙwace, da hutu, da binciken tarihin matuƙi, duk daga doka ɗaya suka fito, kuma su ne suka fi dacewa da abin da ya faru a Buffalo. Amma na fahimci dalilin da ya sa iyalan ba sa yarda a taɓa lambar. Sun ga abin da kamfanoni suka yi lokacin da aka bar musu wuƙa da nama.

An gwada sassauta ta. A 2022 Republic ya roƙi FAA ta bar ɗaliban makarantarsa su fara aiki da awa 750 kamar sojoji, hukumar ta ƙi. An kuma gwada rage ƙarancin matuƙa ta ɗaya ɓangaren, wato shekarun ritaya. Tun 2007 aka ɗaga su daga 60 zuwa 65, kuma a 2023 majalisar wakilai ta amince a kai su 67, amma aka cire wannan daga dokar da aka sa wa hannu a Mayun 2024. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta tsaya a 65, don haka matuƙin da ya haura haka ba zai iya tuƙa jirgi zuwa ƙasashen waje ba. A 2025 kuma Bryan Bedford, wanda ya daɗe yana shugabantar Republic, ya zama shugaban FAA, abin da ya sa masu kare dokar suka ƙara sa ido.

Ga matashin da ke tunanin shiga wannan aiki, abu biyu ya kamata ya riƙe. Na farko, kasuwar tana hawa tana sauka. A 2024 ɗaukar matuƙa ya ragu ƙwarai, saboda Boeing ya kasa kawo jirage a kan lokaci, kamfanin jiragen sama na Spirit ma har ya tura wasu matuƙansa hutun dole. Wanda ya ci bashi a 2022 yana jin ana rububin matuƙa, ya fito ya tarar da layi. Na biyu, a wannan aiki komai yana bin ranar da aka ɗauki mutum: albashi, zaɓin hanya, hutun ƙarshen mako, da wanda za a fara sallama in abu ya ɓaci. Kyaftin ɗin da ya yi shekara 20 yana aiki a wani kamfani in ya koma wani, daga ƙasan layi zai fara. Shi ya sa kowa ke gaggawar barin ƙaramin kamfani, kuma shi ya sa ƙananan kamfanoni ba za su daina zubar da ƙwararrunsu ba ko nawa suka biya.

Wanda ya koyi tuƙi a kwalejin Zariya, ko a wata makaranta a wajen Amurka, yana jin labarin ƙarancin matuƙa a can, ya sani lasisinsa ba zai yi aiki kai tsaye ba. Sai ya samu na FAA, ya cika awa 1,500 ɗin nan cif, domin sassaucin digiri na makarantun da hukumar ta amince da su ne kawai, sannan ga batun izinin aiki, wanda shi ma wata doguwar hanya ce daban.