Waiwaye: Yadda aka daɗe ana shari'ar katoɓarar gwanayen darar ces

Ranar 12 ga Disamba, 2024, a Singafo, kusan kowa ya sakankance cewa wasa na 14, na ƙarshe a gasar kambun duniya ta darar ces, tsakanin Ding Liren na ƙasar Sin da Gukesh Dommaraju na Indiya canjaras za a tashi. Kowannensu na da maki shida da rabi. Da an raba wannan wasan, sai a dawo washegari a yi wasannin gaggawa na raba gardama, inda da yawa ke ganin Ding ya fi hannu, don ta nan ya ɗauki kambun duniya a Astana a 2023. 'Ya'yan da suka rage a kan allo ba su da yawa. Kowa na da sarki, da hasumiya ɗaya mai tafiya miƙe, da giwa ɗaya (haka Larabawa da Rashawa ke kiran ɗan da ke tafiya a karkace). Gukesh na da dakaru biyu, Ding na da ɗaya.

A taku na 55 Ding ya kawo hasumiyarsa gidan f2 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), ya miƙa ta musaya. Abin da ya sha masa kai shi ne giwarsa tana can maƙale a lungu, a gidan a8, ba ta da mafita sai layi guda. Gukesh ya ci hasumiya, aka ci tasa, sai ya ɗora giwarsa a kan wannan layin. Musayar giwaye ta zama tilas, aka bar sarki da dakaru biyu a kan sarki da dakare ɗaya, a tsayuwar da ba ta da magani. Bayan taku na 58 Ding ya miƙa hannu. Gukesh, ɗan shekara 18, ya zama zakaran duniya.

Masu kallo ta intanet sun riga Ding sanin an yi ɓarna. Akwai wata sanda mai rabi fari rabi baƙi da ake sa wa a gefen allo, kwamfuta ce ke motsa ta, kuma tun hannunsa bai gama barin hasumiyar ba ta zube gaba ɗaya ɓangaren Gukesh. Ba a daɗe ba shugaban hukumar ces ta Rasha, Andrei Filatov, ya fito ya ce shi yana zargin da gangan Ding ya ba da wasan, a yi bincike. Shugaban hukumar duniya, FIDE, Arkady Dvorkovich, ya yi watsi da maganar, ya ce da ba a kuskure da ko a ƙwallon ƙafa ba za a ci ƙwallo ba. Wannan zargi ne ya sa na ga ya kamata a koma baya, don duk wanda ya ce zakaran duniya ba zai yi irin wannan katoɓara ba sai da gangan, to bai karanta tarihin wasan ba, ko kuma ya karanta ya kau da kai.

A 1892 a Habana, Mikhail Chigorin na Rasha yana neman ƙwace kambu daga hannun Wilhelm Steinitz. A wasa na 23 Chigorin ya fi abokin karawarsa da ɗa guda sukutum, nasara na hannunsa, kuma da ya ci da sun yi kunnen doki, tara da tara. A taku na 32 sai ya ɗauke giwar da ke tsare masa gidan h2. Hasumiyoyin Steinitz biyu suna zaune a layinsa na biyu suna jira, taku biyu kacal suka rage a ƙure sarki. A nan gasar ta ƙare. A 1956 a Amsterdam, Tigran Petrosian, mutumin da aka fi sani da taka-tsantsan a duk zamaninsa, ya bar sarauniyarsa a bakin dokin David Bronstein, aka ɗauke ta kyauta. Bayan shekara bakwai shi ne zakaran duniya.

Irin waɗannan ba su taɓa buƙatar sharhi ba, yaro ma ya gani. Inda aikin yake shi ne kuskuren da ba ya ihu, wanda sai an zauna an tona. A da, tonon yakan fara ne da zarar an tashi wasa: 'yan wasan biyu su sake jera 'ya'ya, su yi ta mayar da taku baya suna "da ka yi kaza fa?", sauran gwanaye sun yi musu rumfa, hannuwa na ta shigowa ta kafaɗa. Daga nan sai mujallu su ɗauka, wani ya rubuta sharhi a Mosko, wani ya yi masa raddi daga Amurka bayan wata shida. A 1966 aka fara buga wata mujalla a Belgired, ƙarƙashin Aleksandar Matanović, wadda ta tattara wasannin manya ta yi musu sharhi da alamomi zalla, babu jimla ko ɗaya, don Bajamushe da Balarabe su karanta daidai. Alamar motsin rai na nufin taku mai kyau, alamar tambaya ɗaya kuskure, biyu kuwa katoɓara. Amma fa wanda ya sa alamar mutum ne, da son ransa da gajiyarsa, kuma sau da yawa wanda ya ci wasan ne ke sharhin, don haka sai ka ga duk takunsa ya fito fes kamar tun farko ya hango ƙarshe.

Akwai kuma al'adar ɗage wasa. Idan an shafe awa biyar ba a gama ba, wanda taku ke kansa sai ya rubuta shi a ɓoye, a rufe a ambulan a ba alƙali, a dawo wata rana. Daren nan ba a barci. Misalin da na fi so shi ne na gasar ƙasashe ta 1962 a Varna, Bulgeriya, inda Bobby Fischer, yana ɗan shekara 19, ya haɗu da zakaran duniya Mikhail Botvinnik, karo ɗaya tak da suka taɓa yi. An ɗage wasan Fischer na da rinjayen dakare ɗaya, yana ganin ya gama. 'Yan tawagar Sobiyet suka kwana a kan allo, Efim Geller ya gano wata dabarar tsira, aka dawo aka tashi canjaras. Fischer bai haƙura ba. Daga baya ya buga dogon sharhi yana cewa da ya bi wata hanya dabam da ya ci. Maganar ta zauna haka shekaru, har Botvinnik ya ba ɗaliban makarantarsa tsayuwar su duba, wani yaro ɗan shekara 13 ya nuna cewa ko ta can ɗin ma canjaras ne. Sunan yaron Garry Kasparov, wanda daga baya ya zama zakaran duniya. Shekara goma sha huɗu ana jan magana a kan tsayuwa ɗaya, wadda yau wayar hannu za ta warware kafin shayi ya huce.

Haka aka yi ta yi da takun Fischer na 29 a wasan farko na gasar kambun duniya da Boris Spassky a Reykjavik, 1972, lokacin da ya ci dakaren h2 da giwarsa aka rufe ta a ciki. An kira shi kuskuren ɗan koyo. Masu tono suka zo daga baya suka nuna cewa ko bayan wannan akwai hanyar canjaras, ainihin faɗuwar ta zo ne can gaba, a wani taku marar hayaniya da ba wanda ke tunawa da lambarsa.

Sai na'ura ta shigo. A 1997 a New York, Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Kasparov da maki uku da rabi a kan biyu da rabi. A wasa na biyu ya miƙa wuya, washegari mutanensa suka faɗa masa cewa ya bar canjaras a kan allo, da ya yi ta bin sarkin na'urar da sarauniya ba ƙaƙƙautawa. Abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen gasar. Abin dariyar, manhajojin da suka zo bayan shekaru sun nuna canjaras ɗin ma ba tabbas ba ne. Wato hukuncin da ya karya masa gwiwa shi ma yana da gyara. A cikin shekarun nan ne aka daina ɗage wasa, tunda ba ma'ana a tura mutum gida ya tambayi kwamfuta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Vladimir Kramnik. A 2006 a Bonn, yana zakaran duniya, yana karawa da manhajar Deep Fritz. A wasa na biyu ya yi nazari a natse, lokaci na nan isasshe, ya tura sarauniyarsa gidan e3 a taku na 34, ya ɗauki kofinsa zai tafi ɗakin hutu. Na'ura ta sa sarauniya a h7, sarki ya ƙure, taku ɗaya. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne wanda ɗan jaridar ces na Rasha Alexander Roshal ya bayar: dokin da ya tsare wa sarauniyar baya yana zaune ne a f8, can layin ƙarshe, wurin da ba a saba ganin dokin abokin gaba ba. Gwani ba ya duba gidaje 64 ɗaya bayan ɗaya, siffofin da ido ya saba da su yake gani, kuma wannan siffar ba ta cikin taskarsa. Abin da ya mai da shi gwani, shi ya rufe masa ido.

Daga nan sharhi ya koma lissafi. Manhaja irin Stockfish, wadda kyauta ce kuma ta fi kowane ɗan Adam ƙarfi nesa ba kusa ba, a asali da darajar dakare take auna tsayuwa: a wannan ma'auni +1 na nufin fari ya yi gaba da kimanin dakare ɗaya, 0.00 kuwa ba wanda ya fi wani. Tun 2012 aka kammala a Mosko lissafin kusan duk tsayuwar da 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka suka rage, har aka samu wadda sai an yi taku sama da 500 kafin a ƙure sarki. An samu gaskiya, ba musu. Matsalata da sandar nan ita ce mudu ɗaya take auna kowa da shi.

Ga misalai biyu. A Sochi, 2014, wasa na shida na gasar kambun duniya, Magnus Carlsen ya kai sarkinsa d2 a taku na 26, ya buɗe wa Viswanathan Anand ƙofar cin dakaren e5 da doki. Anand ya yi saurin tura wani dakare can gefe, ta leƙo ta koma, kuma dukansu biyu sun gane abin da ya faru bayan hannu ya riga ya saki ɗa. Carlsen ne ma ya ci wasan. Wannan kuskure ne na gaske, wanda ɗan wasan kulob zai iya gani. A Landan kuwa, 2018, wasa na shida, wata babbar kwamfuta a Nowe ta sanar cewa Fabiano Caruana na da hanyar ƙure sarkin Carlsen cikin taku wajen talatin, da zai fara da kai giwa h4 a taku na 68, sannan ya kai dokinsa lungun da kowane malami zai hana ɗalibinsa. Kasparov da kansa ya ce ba ɗan Adam da zai gano wannan. Amma a kan sanda, abin da ya sami Anand da abin da ya sami Caruana kamarsu ɗaya: ta hau, ta sauko. Mai kallo da ke kwance da waya a hannu sai ya rubuta cewa Caruana ya zubar da nasara.

Lissafin ya kuma haifi zargi ta fuska biyu. In takunka ya yi daidai da na na'ura sosai, a ce ka saci amsa. Haka manajan Veselin Topalov ya yi wa Kramnik a Elista a 2006, ya fara da ƙorafin yawan shiga bayan gida, ya biyo da alƙaluman dacewar takunsa da na Fritz, ba a kuma tabbatar da komai ba. Abin mamaki, a wasa na biyu na wannan gasar Kramnik ya buɗe wa Topalov hanyar gamawa da shi nan take, Topalov bai gani ba. In kuma ka kauce wa na'ura da yawa, a ce ka sayar, kamar yadda aka yi wa Ding.

Abin da sandar ba ta nunawa shi ne agogo da jiki. A Dubai, 2021, Carlsen da Ian Nepomniachtchi sun yi canjaras biyar a jere, da wasa mai tsabta ƙwarai. Na shida ya kai taku 136, awa bakwai da minti 45, mafi tsawo a tarihin gasar kambun duniya, aka tashi bayan sha biyun dare Carlsen ya ci. Daga ranar Nepomniachtchi bai sake dawowa daidai ba: ya zubar da dakare a wasa na takwas, ya bari aka rufe masa giwa a na tara, ya sake zamewa a na sha ɗaya. Ilminsa bai ragu cikin mako guda ba, ƙarfin zuciya ne ya ƙare.

Shi ma Ding, lokacin da ya kai hannu kan hasumiyar nan, yana cikin mako na uku na gasa, ya shafe awanni yana kare tsayuwar da ba ta da daɗi, mintunansa sun ja baya, na Gukesh kuwa suna nan da yawa. Kuma tunanin nasa ba na wauta ba ne. Da giwarsa na wani gida inda za ta iya kauce wa musaya, da cire hasumiyoyi daga allo shi ne gajeriyar hanyar zuwa canjaras, kuma abin da yake ta nema ke nan. Shi da kansa ya kai ta lungun a8 'yan taku kaɗan kafin nan, don ta yi nesa da fitina. Gukesh ma ya faɗa wa 'yan jarida cewa da farko bai lura ba, har ya fara tunanin kauce wa musayar, sai da ya sake duban inda giwar take.