Bibiyar farashin canjin kuɗi ta wayar salula

Bibiyar farashin canjin kuɗi ta wayar salula ita ce duba darajar kuɗin wata ƙasa a kan na wata ta hanyar manhaja, shafin intanet ko saƙon da ke shigowa waya. A ƙasashen da farashin canji ɗaya ne, abin bai wuce hidimar matafiya da 'yan kasuwa ba. A Najeriya kuwa, inda aka daɗe ana tafiya da farashin hukuma da na kasuwar bayan fage, batun wanda ke wallafa farashin da inda ya samo shi ya taɓa haddasa rigima tsakanin Babban Banki da masu shafukan intanet.

Asali

Kafin shekarar 1971, manyan kuɗaɗen duniya suna ɗaure ne da dalar Amurka, ita kuma dalar tana ɗaure da zinariya, don haka farashi bai cika motsi ba. Da Shugaba Richard Nixon ya dakatar da musayar dala da zinariya a watan Agustan wannan shekara, tsarin ya fara rushewa, kuma zuwa 1973 kasuwa ce ke yanke darajar yawancin manyan kuɗaɗe. A 1973 ɗin ne kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fito da na'urar da ke nuna wa bankuna farashin canji a kan allo, sai dai hidimar tana da tsada, ba ta talaka ba ce. Jama'a sun fara ganin alƙaluman kyauta ne a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da shafuka irin su XE da OANDA suka buɗe ma'aunin canji a intanet. Bayan fitowar iPhone a 2007 da wayoyin Android a 2008, waɗannan ma'aunai suka koma manhajojin waya.

A Najeriya

An fara amfani da naira a ranar 1 ga Janairun 1973, inda naira biyu ta maye gurbin fam ɗaya. Gwamnati ce ke tsayar da darajarta har zuwa Satumban 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, sannan a 1989 aka fara ba wa kamfanonin canji lasisi. Duk da haka kasuwar bayan fage ba ta gushe ba, kuma a wurare irin su Wapa a unguwar Fagge ta Kano da Zone 4 a Wuse ta Abuja ake jin farashin da akasarin mutane ke saye da sayarwa a kansa. A da, mai son sanin yadda dala ta wayi gari sai ya taka da ƙafarsa ko ya aiki yaro. Bayan shigowar wayar salula a 2001, kiran ɗan canji ya wadatar.

Shafin abokiFX, wanda aka kafa a wajajen 2014, shi ne ya fi yin fice wajen tattara farashin bakin titi yana wallafawa sau da dama a rana. Ya samu karɓuwa ne a daidai lokacin da faɗuwar farashin ɗanyen mai ta jawo ƙarancin dala: a farkon 2016 farashin hukuma yana tsaye a wajajen naira 197, alhali na bayan fage ya haura 300. Jaridu da 'yan kasuwa suka riƙa dogaro da shi, har ta kai mai shago kan leƙa wayarsa kafin ya yi wa kaya kuɗi. A watan Yulin 2021 Babban Bankin Najeriya ya daina sayar wa kamfanonin canji dala, a watan Satumba kuma gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya zargi shafin da juya farashi don cin riba. Masu shafin sun musanta zargin, suka dakatar da wallafa farashin bayan fage na wani lokaci, a sa'ilin dala tana wajajen naira 570. Dakatarwar ba ta hana labari yaɗuwa ba, domin dandalin WhatsApp da Telegram da wasu sababbin shafuka sun cike gurbin.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin ya haɗe kasuwannin canji na hukuma wuri guda, ya bar farashi a hannun masu saye da sayarwa, darajar naira kuma ta faɗi warwas. A wannan tsakanin mutane da yawa sun koma duba manhajar Binance, kamfanin cinikin kuɗin intanet, inda farashin kuɗin intanet na USDT, wanda aka ɗaure da dala, ya zama ma'aunin da ke sauyawa dare da rana. A Fabrairun 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,800 a bayan fage, hukumomi suka toshe shafin kamfanin tare da tsare jami'ansa biyu, kamfanin kuma ya daina hulɗa da naira a watan Maris. A farkon watan ne Babban Bankin ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173.

Inda alƙaluman ke fitowa

Yawancin manhajojin ƙasashen waje suna nuna farashin tsakiya ne, wato abin da ke tsakanin kuɗin saye da na sayarwa a cinikin bankuna da junansu. Ba a sayar wa mutum ɗaya kuɗi a kan wannan farashi, domin banki ko ɗan canji zai ɗora ribarsa, kamfanin tura kuɗi kuma ya cire ladan aiki. Wasu manhajojin suna sabunta alƙaluma cikin mintuna, wasu kuwa suna ɗauko na manyan bankuna, kamar Babban Bankin Turai da ke fitar da nasa sau ɗaya a kowace ranar aiki. Kasuwar duniya tana rufe a ranakun Asabar da Lahadi, saboda haka abin da ake gani a ƙarshen mako galibi na ranar Juma'a ne. Kowane kuɗi yana da lambar haruffa uku: NGN ga naira, USD ga dala, XOF ga sefar Afirka ta Yamma, XAF kuma ga ta Afirka ta Tsakiya.

Farashin bayan fage ba shi da rumbun bayanai na hukuma. Ana samo shi ne ta hanyar tambayar 'yan canji, don haka yakan bambanta tsakanin Kano da Legas, da kuma tsakanin mai canja dala ɗari da mai canja dubu goma. Kuskure ma yana aukuwa: a Fabrairun 2019, gab da babban zaɓe, Google ya nuna dala a kan kimanin naira 184, wajen rabin farashinta na gaskiya, kafin a gyara.

Sefa da riyal

Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 a yuro ɗaya tun 1999, riyal ɗin Saudiyya kuma yana kan 3.75 a dala ɗaya tun 1986. Wannan ne ya sa fataken da ke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, suke iya hasashen kuɗin jakar sefa, wato sefa dubu, daga motsin dala da yuro, kamar yadda maniyyata aikin Hajji ke auna guzurinsu da farashin dala. Manhajoji kan lissafa canjin naira da sefa ta hanyar bi ta dala, kuma sakamakon ba lallai ya dace da abin da ake biya a bakin iyaka ba.

Amfani

Manhajojin kan ba da damar lissafa canji, duba jadawalin watannin baya, da saita ƙararrawa idan farashi ya kai wani mataki. Wasunsu suna aiki ba tare da data ba, amma da tsohon farashi.

Taƙaddama

Hukumomi na ganin wallafa farashin bayan fage yana rura wutar faɗuwar naira. Masu shafukan da wasu masana tattalin arziki na cewa ƙarancin dala ne sila, su rahoto kawai suke bayarwa.