Mene ne kogon yawon buɗe ido?

Ba kowane kogo ake kira haka ba. Kogon yawon buɗe ido shi ne wanda aka gyara domin kowa ya iya shiga: an yi masa hanya da matakala, an ja wutar lantarki, akwai ɗan jagora a gaba, kuma sai ka yanki tikiti. Sauran kogwanni kuwa na masu igiya da fitilar goshi ne.

Yawancinsu a cikin dutsen farar ƙasa suke, wato dutsen da ake yin siminti da shi. Ruwan sama kan kwashi iskar kabon yayin da yake ratsa ƙasa, ya yi ɗan tsami, sai ya riƙa cin dutsen ta cikin tsaguwa har ya rarake shi. Ruwan nan dai shi ke yin adon da ke cikin kogon. Duk ɗigon da ya tsaya a rufi yakan bar ɗan burbushin ma'adini kafin ya faɗi, haka ake samun tsinin dutse yana reto daga sama, wani kuma yana tasowa daga inda ɗigon ke sauka. In sun haɗe, sun zama ginshiƙi. Tsinin da bai wuce tsawon yatsa ba yana iya cin ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ɗan jagora ke cewa a kalla da ido kawai: maiƙon hannu na ɓata dutsen, ya dushe.

Kogon Postojna na ƙasar Sulobeniya a Turai, mai tsawon kilomita 24, tun 1819 yake karɓar baƙi, kuma a 1872 aka shimfiɗa masa layin dogo a ciki. A ruwansa akwai wata farar halitta mai kama da tsaka, makauniya, wadda kan yi shekaru ba ta ci komai ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin kogon Lascaux a Faransa. Wasu samari ne suka gano shi a 1940, bangonsa cike da zanen dawakai da bijimai da mutane suka yi shekaru kusan 17,000 da suka wuce. Aka buɗe shi a 1948, jama'a suka yi ta tururuwa. Numfashinsu da ɗumin jikinsu suka sauya iskar wurin, gansakuka ta fara hawa zanen, dole aka rufe shi a 1963. Tun daga 1983, kwaikwayonsa da aka gina a kusa ake nuna wa baƙi.