"The Trouble with Tribbles" da Muhawarar Masoya Star Trek

"The Trouble with Tribbles" shi ne kashi na 15 a zango na biyu na shirin talabijin na Star Trek, mai ba da ƙagaggun labaran tafiya sararin samaniya, wanda tashar NBC ta fara haskawa a Amurka ranar 29 ga Disamba, 1967. David Gerrold ne ya rubuta labarin, shi ne kuma rubutunsa na farko da aka saya don talabijin, yayin da Joseph Pevney ya ba da umarni. Ana lissafa shi cikin kasussukan da masoya shirin suka fi tattaunawa, musamman saboda barkwanci ne tsagwaronsa a cikin shirin da aka sani da tsanani.

A labarin, an kira jirgin Enterprise zuwa tashar sararin samaniya mai suna K-7 domin gadin wani hatsi da za a kai duniyar Sherman, wadda Tarayyar Duniyoyi da mutanen Klingon, wata al'umma daga wata duniya daban, suke takaddama a kanta. A can wani ɗan kasuwa, Cyrano Jones, ya ba Uhura, jami'ar sadarwa ta jirgin, wata 'yar halitta mai laushin gashi kamar curin auduga, ana kiranta tribble. Halittar tana hayayyafa da saurin gaske, har ta cika jirgin, ta kuma faɗa rumbun hatsin. Spock, jami'in kimiyya na jirgin, ya ƙiyasta cewa sun kai 1,771,561, bisa lissafin kowace ta haifi goma duk bayan awa 12 har tsawon kwana uku, kuma masoya sun sha bin lissafin suka tarar ya yi daidai. Mutuwar halittun a cikin rumbu ce ta nuna an sa wa hatsin guba, kuma ƙyamar da suke yi wa Klingon ita ta tona asirin Arne Darvin, ɗan leƙen asirin Klingon da ya yi shigar ɗan Adam.

Babbar gardamar masoya ita ce ko irin wannan raha tana rage wa shirin ƙima. Masu suka suna ganin an mayar da Kyaftin Kirk abin dariya, ganin yadda halittun suka zubo masa a ka har suka binne shi zuwa ƙirji. Amma hujjar masu yabo ta fi ƙarfi, domin dariyar ta fito ne daga halayen da 'yan kallo suka riga suka sani. Misali mafi kyau shi ne Scotty, babban injiniyan jirgin, wanda ya daure da aka zagi kyaftin ɗinsa, amma ya kai naushi da zarar an zagi jirginsa. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin rahar akwai magana ta gaskiya a kan halittar da aka kai wurin da ba ta da mai cin ta, irin abin da zomaye suka yi wa ƙasar Ostireliya.

Wata muhawarar ta shafi kamannin tribble da wasu halittu a littafin Robert Heinlein na 1952, sai dai Heinlein bai hana a ci gaba da shirin ba. A 1968 kashin ya shiga takarar kyautar Hugo, wadda ake bai wa ƙagaggun labaran kimiyya, amma wani kashin na Star Trek ne ya lashe.

A 1996, lokacin cikar Star Trek shekara 30, shirin Deep Space Nine, wani sabon shirin Star Trek na lokacin, ya koma cikin wannan labari, inda aka haɗa sababbin 'yan wasa da tsofaffin hotunan ta hanyar kwamfuta. Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambayar masoya: me ya sa Klingon na 1967 ba su da tudun goshi irin na waɗanda suka biyo baya? Worf, wani Klingon da ke cikin shirin Deep Space Nine, ya ƙi ba da amsa a cikin kashin, sai a 2005 wani shirin Star Trek mai suna Enterprise ya danganta bambancin da wata cuta da ta taso daga gwajin sauya ƙwayoyin halitta.