Linda Fried da Binciken Raunin Tsufa

Linda P. Fried likita ce 'yar Amurka, an haife ta a birnin Niyok a 1949. Fanninta kula da lafiyar tsofaffi da nazarin yadda cututtuka ke bin al'umma. An fi saninta da ma'aunin raunin tsufa da ta fitar tare da abokan aikinta a 2001, wanda ya ba likitoci alamomi 5 na gane tsohon da jikinsa ya fara sarewa tun bai kai ga kwanciya ba. Ta kuma shugabanci makarantar Mailman ta kiwon lafiyar jama'a a Jami'ar Kolumbiya tun daga 2008, ta yi sama da shekara 15 a kan kujerar.

Karatu da fara aiki

Ba da likitanci ta fara ba. Tarihi ta karanta a Jami'ar Wisconsin, ta gama a 1970, daga baya ta shiga kwalejin likitanci ta Rush da ke Shikago, ta fito a 1979. Sai ta koma Jami'ar Johns Hopkins a birnin Baltimore, ta ƙara digiri a kiwon lafiyar jama'a, ta zauna tana koyarwa da duba marasa lafiya. A can ta kafa cibiyar binciken tsufa da lafiya ta jami'ar, a can kuma ta yi aikin da ya fito da sunanta.

Alamomin rauni 5

Duk likitan da ya taɓa zama a ɗakin duba marasa lafiya a Abuja ya san irin wannan rana. 'Ya ta kawo mahaifinta daga Kubwa ko Nyanya, ta ce, "Likita, Baba ba ya jin ciwon komai, ya dai gaji." A auna hawan jini da sukari, a ɗauki hoton ƙirji, ba a ga abin kamawa ba, a sallame su da maganin ƙarin jini. Bayan wata biyu ɗan zazzaɓi ya kayar da tsohon, ya kasa tashi. Hausa tana da suna ga irin wannan mutum, gajiyayye. Likitocin Amurka ma sun daɗe suna gane shi da ido, amma kowa da abin da yake nufi: wani yana nufin mai cututtuka da yawa, wani mai naƙasa, wani kuwa duk wanda ya haura 80. Abin da ba a daidaita kan ma'anarsa ba kuwa, ba ya ƙirguwa, balle a gwada masa magani.

Wannan giɓi Fried ta nufa. Ta yi amfani da bayanan wani babban bincike kan lafiyar zuciya da jijiyoyin jini na tsofaffi, wanda aka fara a 1989 a yankuna 4 na Amurka, tana cikin jagororinsa. Daga ciki aka ɗauki mutum 5,317, maza da mata, masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon ya fito a watan Maris na 2001 a mujallar Journals of Gerontology, tare da Catherine Tangen da Jeremy Walston da Anne Newman da wasu.

Alama ta farko rama ce ba da niyya ba, a zubar da kimanin kilo 4 da rabi cikin shekara guda. Ta biyu gajiya, wadda mutum ke faɗa da bakinsa cewa komai ya taɓa sai ya ji kamar aikin ƙarfi ne. Ta uku raunin damƙa, ana auna ta da wata ƙaramar na'ura da ake matsewa a tafin hannu. Ta huɗu nawar tafiya, a duba daƙiƙa nawa mutum zai ci kafin ya taka ƙafa 15, wato wajen mita 4 da rabi. Ta biyar ƙarancin motsa jiki a mako. Mai alama 3 ko fiye, shi ne mai raunin tsufa. Mai 1 ko 2 yana bakin hanya. Wanda ba shi da ko ɗaya, garau yake.

Kashi 6.9 cikin 100 ne suka faɗa rukunin masu rauni, mata sun fi maza, kuma kusan rabin mutanen suna bakin hanya. Da aka bi su shekara 7, kashi 43 na masu raunin sun rasu, a wajen masu ƙarfi kuwa kashi 12. Faɗuwa, kwanciya asibiti da kasa yi wa kai hidima duk sun fi yawa a cikinsu. Amma abin da ya fi komai nauyi a takardar shi ne wannan: sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu raunin ba su da tarin cututtuka, ba su kuma da naƙasa. Ke nan rauni abu ne mai zaman kansa. Yana iya zuwa tare da ciwon zuciya ko ciwon sukari, yana iya zuwa shi kaɗai.

Yadda ita da Walston suka fassara lamarin, zagaye ne mai cin kansa. Tsoka ta ragu, ƙarfi ya ragu, tafiya ta yi wuya, sai mutum ya rage fita. Da ya rage fita sai cin abinci ya ja baya, tsokar ta ƙara zubewa. Jiki lafiyayye kamar rumbu ne mai rarar hatsi, ko damina ta yi gardama gidan zai kai baɗi. Na mai rauni ba rara a ciki, shi ya sa ciwon mara ko ƙaramar tiyata ke iya rusa shi. Wani bincike da aka yi a Johns Hopkins kan mutum 594, aka buga a 2010 da sunanta cikin marubuta, ya nuna masu raunin sun fi samun matsala bayan tiyata, sun fi daɗewa a gadon asibiti. Takardar 2001 ɗin kuwa an ambace ta fiye da sau 10,000 a wasu bincike, daga likitocin ƙoda zuwa na ciwon daji.

Kafin naƙasa ta bayyana

Akwai wani ɓangare na aikinta da bai yi suna kamar na farko ba, alhali ya fi kusa da abin da iyali ke iya gani. A binciken lafiyar mata tsofaffi da ta jagoranta a Baltimore tun farkon shekarun 1990, wanda zangonsa na farko ya ƙunshi mata 1,002, an lura cewa mutum yakan sauya yadda yake yin abu tun kafin ya yarda abin yana ba shi wuya. Waɗanda suka fara irin wannan sauyi sun fi saurin shiga matsalar tafiya daga baya.

Misalinsa a gidajenmu ba ya ɓuya. Hajiya ta fara dafa bango in za ta miƙe daga tabarma. Malam ya fara dogara da hannu wajen tasowa daga sujada, ko ya bar masallacin unguwa da ya saba takawa, ya koma salla a ƙofar gida. Ka tambaye su, amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Kawaici ne, kuma gaskiyarsu suka faɗa, don ba inda ke musu ciwo. Sai dai a wannan gaɓa ne motsa jiki da abinci mai gina tsoka, irin su wake, ƙwai, nono da kifi, suka fi yin tasiri. Tun a 1994 Maria Fiatarone ta nuna a Boston cewa tsofaffi masu matsakaicin shekara 87 suna ƙara ƙarfi idan suka yi atisayen ɗaga nauyi.

Suka da wata hanyar

Ma'aunin bai tsira daga suka ba. Bai taɓo ƙwaƙwalwa ba, kuma tun farko an cire masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar karkarwar jiki ta Parkinson da masu tsananin ruɗewar tunani daga lissafin. A Kanada, Kenneth Rockwood da Arnold Mitnitski na Jami'ar Dalhousie sun fito da tasu hanyar a 2001: a jera matsaloli 30 ko fiye, a ga kashi nawa mutum ke ɗauke da su. Har yau hanyoyin biyu ake bi, kuma ba kullum suke nuna mutum ɗaya ba.

Tsofaffi a aji

A tsakiyar shekarun 1990 ita da Marc Freedman suka tsara shirin Experience Corps. Tsofaffi ne ke ba da awa 15 a mako a makarantun firamare na gwamnati, suna taya yara 'yan ƙananan azuzuwa karatu. Dabarar ita ce, wanda ba zai fita don lafiyar kansa ba, zai fita idan ya san yara na jiransa. Binciken Michelle Carlson na 2009 ya ga ƙarin aiki a gaban ƙwaƙwalwar matan da suka shiga shirin, ɓangaren da ke kula da tsara tunani. A 2011 AARP, ƙungiyar da ke kare muradun dattawa a Amurka, ta karɓi shirin. A 2022 kuma Fried ta kasance ɗaya daga shugabanni biyu na kwamitin Kwalejin Likitanci ta Ƙasa ta Amurka da ya fitar da taswirar duniya kan tsawon rai cikin lafiya.

Aikinta a idon Abuja

Abuja gari ne na ma'aikata, kuma ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki a shekara 60 ko bayan hidimar shekara 35. Mutumin da ya saba tashi da asuba ya kama hanyar sakatariya, rana ɗaya sai ya wayi gari a gida, 'ya'ya sun fita, dangi suna can nesa a garinsu. Zaman shiru irin wannan shi ne ƙofar zagayen da Fried ta bayyana, kuma tsofaffin malamai da ke zaune a Gwagwalada ko Karu su ne ainihin mutanen da shiri irin Experience Corps ke nema. A Abuja ne kuma Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa take, wadda dokar 2017 ta kafa. Cibiyar jinyar tsofaffi ta Cif Tony Anenih kuwa tana asibitin koyarwa na Ibadan tun 2012.

Sai dai ba a ɗauko ma'aunin a dasa shi nan yadda yake. Tambayoyinsa na motsa jiki sun haɗa da wasan golf da tanis da yankan ciyawar ƙofar gida. Tsohuwar da ke daka, ta ɗebo ruwa, ta goyi jika, za ta iya fitowa kamar ba ta motsi ko kaɗan. Da yawa ba su san nauyinsu na bara ba, sai dai a tambaya ko zani ya fara yi musu yawa, ko an ƙara huda ɗamara. Iyakokin damƙa da tafiya ma an ɗauko su ne daga kashi 20 mafi rauni na Amurkawan da aka auna, bisa jinsi da tsayi da ƙirar jiki, don haka mai bincike a nan zai iya sake fitar da nasa daga tsofaffin da ke gabansa. Gwajin tafiyar shi ne mafi sauƙin ɗauka: layi biyu a baranda, tazarar mita 4 da rabi, da agogon wayar ma'aikaciyar jinya.