Waiwaye: Yadda rumbun harsasan gwanjo ya ƙare a Amurka

Tun watan Agustan 2021, lokacin da Amurka ta sanar da daina ba da sabon izinin shigo da harsasai daga Rasha, masu tara tsofaffin bindigogin soja a ƙasar ba su daina gardama ba. Wani ya ce takunkumin ne ya kashe kasuwa, wani ya ce yaƙin Yukiren na 2022 ne ya shanye abin da ya rage. Mutumin da ya sayi Mosin-Nagant, tsohuwar bindigar sojan Rasha, ƙasa da dala 100 shekaru ashirin da suka wuce, ya haɗa da gwangwanin harsashi 440 shi ma ƙasa da dala 100, yau sai ya ninka kuɗin sau da yawa, kuma ba lallai ya sami abin da zai amince da shi ba. Tambayar kowa ita ce: wane harsashi ne mai araha da ba zai ci amanar bindigar ba? A ganina tambayar ta zo a makare, domin rumbun ya daɗe yana yoyo kafin a lura.

Maganar ta Amurka ce. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62 (lambobin faɗin harsashi ne) cikin haramtattu. Abin da ya haɗa mu da labarin shi ne Lee-Enfield, bindigar da kakanninmu suka rataya a dajin Bama, wadda yau take cikin kayan da Amurkawa ke tarawa suna zuwa filin gwada harbi da su.

Farkon labarin sananne ne. Bayan yaƙin duniya na biyu ƙasashen Turai sun sayar da miliyoyin bindigogi a gwanjo, Mauser ta Jamus da Lee-Enfield ta Ingila da Carcano ta Italiya, har ta gidan waya ake aika wa mai saye. Dokar 1968 ta rufe ƙofar shigo da rarar makaman soja, gyaran 1984 ya buɗe ta ga waɗanda ake ɗauka kayan tarihi, dokar 1986 ta sauƙaƙa cinikin harsashi tsakanin jihohi. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, sai kaya suka kwararo daga gabashin Turai kamar ruwan Agusta. A 1994 aka hana shigo da na Sin, amma kasuwa ba ta ji a jikinta sosai ba, saboda akwatunan Rasha da Yukiren da Bulgeriya da Romaniya da Yugoslabiya sun cike gurbin.

Wani abu ya kamata mai saye ya riƙe tun a lokacin. A 1954 ƙungiyar NATO ta amince da harsashin 7.62x51, daga nan rundunonin yamma suka riƙa yaye .303 da 8mm Mauser da .30-06 ɗaya bayan ɗaya. Duk akwatin da aka fasa aka harbe, babu sabo da zai maye gurbinsa daga masana'antar soja. Hatsin bara ake ci, ba a yi shuka ba. Harsashin 7.62x54R na Rasha, wanda ke aiki tun 1891, shi ne ya fita daban, don har yau wasu bindigogin soja na cinsa, kuma wannan ne ya sa ya fi daɗewa da araha.

Amma inda al'amarin ya juya da gaske, inda ba kasafai masu gardamar ke dubawa ba, shi ne shekaru goma tsakanin 2001 da 2011. A cikinsu duniya ta sauya yadda take kallon tsohon harsashi. A da haja ce da ma'aikatar tsaro ke sayarwa ta sami 'yan kuɗi. Daga baya ya koma haɗarin da ake biyan kuɗi a rabu da shi.

Dalili na farko yana cikin albarushin kansa. Albarushi marar hayaƙi ba ya zama yadda aka yi shi. A hankali yake ruɓewa, yana fitar da iska mai tsami da ke ƙara saurin ruɓewar. Shi ya sa ake gauraya shi da wani sinadari mai shanye wannan iska. Sinadarin yana ƙarewa, kuma zafi na gaggauta ƙarewarsa. Idan ya ƙare a cikin manyan harsasan igwa da aka jibge a ɗaki mai zafi, tarin na iya kama wuta da kansa. Mu a nan mun san abin da fashewar rumbun makamai ke nufi: ranar 27 ga Janairun 2002 a Ikeja, mutum fiye da dubu suka rasu, da yawansu a cikin magudanar ruwa suna gudun ceton rai. A 2004 rumbun Novobohdanivka a Yukiren ya fashe. Ranar 15 ga Maris 2008, a Gërdec ta Albaniya, wurin da ake kwance tsofaffin harsasai ya tashi, mutum 26 suka mutu.

Dalili na biyu sata ce da ɓacewa. A rikicin Albaniya na 1997 an fasa rumbunan soja an kwashe ɗaruruwan dubban bindigogi da harsasai marasa adadi, wasu suka ɓulla a yaƙe-yaƙen maƙwabta. Kowa ya gane cewa rarar da ke kwance ba ta kwance ba ce.

Saboda haka a Yulin 2001 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shirin aiki kan ƙananan makamai, wanda ya fifita lalata rara a kan sayar da ita. A 2003 ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai ta fitar da takarda ta musamman kan tarin harsasai. Asusun NATO ya ɗauki nauyin lalata dubban tan na harsasai a Albaniya, sannan a Yukiren aka tsara aikin da ya fi kowanne girma: tan 133,000 na harsasai da ƙananan makamai miliyan ɗaya da rabi. A 2011 Majalisar ta fitar da ƙa'idojin adana harsasai na duniya. Gaskiya ne cewa manyan harsasai ne suka fi tayar da hankali, amma idan aka zo share rumbu, akwatunan harsashin bindiga ma tanderu suke shiga, a narka tagullar a sayar a matsayin ƙarfe. A daidai waɗannan shekaru kuma, ana sayen harsasai irin na Sobiyet daga gabashin Turai don sababbin rundunonin Iraƙi da Afganistan. Rumbu ɗaya, ana ɗiba ta ƙofa uku.

Ni dai ina ganin lalatawar daidai ce. Wanda ya tuna Ikeja ba zai yi kukan tsadar harsashin wasan harbi ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, a nan ne arahar ta mutu, shekaru kafin takunkumin da ake ta ambato. Kayan da suka ci gaba da isowa Amurka bayan haka sun riƙa raguwa a yawa, suna ƙaruwa a tsufa.

Tsufan nan shi ne ya mayar da zaɓin harsashi aiki mai wuya. Mafi yawan na gabashin Turai suna ɗauke da tsohon ƙyastu, wato ƙwayar da ke gindin harsashi mai tayar da wuta, wanda ke barin wani gishiri a cikin bututun bindiga. Gishirin na jawo raɓa, tsatsa ta biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu a wuri mai laima. Tun 1922 wani masani a hukumar ma'adinai ta Amurka, Wilbert Huff, ya gano cewa mai ba ya narka wannan gishiri, ruwa ne ke wanke shi. Sojan Amurka sun bar irin wannan ƙyastu a farkon shekarun 1950, gabashin Turai kuwa ya ci gaba da shi shekaru masu yawa. Wannan matsalar tana da magani: ruwan zafi, busarwa, sannan mai. Wadda ba ta da magani ita ce ta harsashin da ya gaji. Akwai tsohon .303 da ke jinkirin tashi bayan an ja kunama, akwai 8mm na shekarun 1940 da wuyan kwansonsa ke tsagewa. Warin tsami idan an buɗe gwangwani, jan gari a cikin albarushi, ko kore-kore a jikin tagulla, duk alamu ne na a bar shi.

Sai maganar kwanso, wato ɓawon harsashi da ke saura bayan an harba, wanda ake iya sake cika shi da albarushi. Harsasan sojan Turai galibi na tsarin ƙyastu da ake kira Berdan ne, masu wuyar sake cikawa, da yawa kuma kwanson ƙarfe ne. Tsawon shekarun araha mutane sun harba sun zubar, ba su tara komai ba. Waɗanda suka sayi .30-06 na Girka, mai kwanson tagulla da tsarin ƙyastu na Boxer mai sauƙin sake cikawa, ta hannun shirin horar da farar hula harbi na Amurka, su ne suka fita da riba, don har yau suna sake cika kwansonsu. Shi ma wannan ya ƙare daga rumbu.

Sabon harsashi na kanti bai raba gardama ba. Bindigar M1 Garand ta sojan Amurka an ƙera ta ne kan ƙarfin harsashin soja na zamaninta, kuma harsashin farauta mai nauyi na iya lanƙwasa sandar da ke juya ta. A ɓangaren 8mm kuwa, Jamus ta faɗaɗa ƙwayar harsashinta daga .318 zuwa .323 na inci a 1905, shi ya sa masana'antun Amurka ke rage ƙarfin nasu don gudun a saka shi cikin tsohuwar bindiga mai ƙunci. Mai hankali kan kai bindigarsa wurin maƙerin bindiga a auna kafin ya sayi komai.

Yawancin masu harkar yanzu sun koma ga sababbin harsasai na masana'antun Turai, irin su Prvi Partizan da ke Užice a Sabiya da Sellier & Bellot ta ƙasar Cek, waɗanda ke yin tsofaffin nau'o'in da kwanson tagulla da ƙyastu marar gishiri. Sun fi na gwanjo tsada, amma kwanso ɗaya na iya komawa aiki sau da dama. A filayen harbi, mutumin da a da yake share gwangwani guda a yini, yanzu harsashi ashirin yake zuwa da shi, ya harba, ya durƙusa ya tsince kwanson ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jaka.