Ƙananan Motoci Masu Siffar Da

Ƙananan motoci masu siffar da, motoci ne na zamani waɗanda aka ƙera jikinsu da kamannin wasu fitattun motocin shekarun baya, amma injinsu da birkinsu da wayoyinsu duk na yau ne. Uku ne suka fi suna a cikinsu: Volkswagen New Beetle, da Mini ta kamfanin BMW, da Fiat 500. A Zariya ba su da yawa, jefi-jefi ake ganinsu, kuma wanda zai saya a nan abin da ke ƙarƙashin bonet ya kamata ya fara dubawa kafin kyan jiki.

Asali

Kamfanin Nissan na Japan ya gwada wannan salo da wuri, da motar Be-1 a 1987 da Figaro a 1991. Amma Volkswagen ne ya mai da shi babbar kasuwa. Ya nuna samfurinsa a Detroit a 1994, aka soma sayar da New Beetle a 1998, ana ƙera ta a Puebla ta ƙasar Meziko. Dattawan Zariya sun san uwarta, tsohuwar Bitil mai inji a baya wadda iska ke sanyaya ta, babu lagireto. An riƙa haɗa ta a Legas tun daga 1975, shekarar da Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kaduna.

Mini ta asali ta fito a Ingila a 1959, aka daina ta a 2000, BMW ya fitar da sabuwa a 2001 daga Oxford. Fiat 500 ɗin da aka kwaikwaya ta 1957 ce, ta dawo a 2007.

Abin da ke ƙarƙashin jiki

Nan ne bambancin yake. New Beetle, in an cire mata riga, Golf 4 ce: inji a gaba, tayoyin gaba ke ja, kuma kayan ƙafa da na inji da dama ɗaya ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Arewa, inda Golf ta daɗe tana aikin haya da na gida, makanikai sun san ta ciki da bai. Mai Bitil zai iya neman kaya a Sabon Gari, in bai samu ba ya nufi Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Injinta mai lita 2.0 ba shi da rigima, muddin an canja bel ɗin tayimin a kan kari. Aibinta sananne ne: wurin inji a matse yake, aiki kaɗan sai an kwance abubuwa da yawa, injin gilashin ƙofa kan mutu, kuma dogon mutum ba zai ji daɗin kujerar baya ba saboda lanƙwasar rufi. Fitila da bamba da gilashi kuwa nata ne ita kaɗai, Golf ba za ta ba ta aro ba.

Mini ta fi su daɗin tuƙi, ta kuma fi su cin kuɗi. Ta kwanta ƙasa sosai, ƙafarta da tauri, don haka ramukan damina da tudun rage gudu suna wahalar da ita. Giya mai canja kanta da aka sa wa zubin farko ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa. Zubi na biyu, wanda ya soma fita a 2006, injinsa haɗin gwiwar BMW ne da Peugeot, kuma an san shi da matsalar sarƙar tayimin da shan baƙin mai. Kada wannan dangantaka ta ruɗi mai saye: ƙwarewar makanike a kan 504 ko 406 ba ta isa wannan inji ba, sai mai kwamfutar bincike. Cooper S, nau'in Mini mai ƙarfin inji, ba ta zuwa da safaya taya, abin lura ga mai bin hanyar Funtua ko Jos.

Fiat 500 ita ce ƙarama, tsawonta bai wuce mita 3.6 ba. Tana shan mai kaɗan, tana shiga lungunan cikin birni da wata mota ba za ta shiga ba. Sai dai Fiat ba ta da gindi a kasuwar kayan gyara ta Arewa, ƙaramin abu sai a jira shi daga Legas ko waje.

Sabuwa ko ta hannu

Ga Bitil babu zaɓi, domin an rufe ƙera ta a Yulin 2019, bayan zubin ƙarshe da ya fito a 2011. Mini da Fiat har yanzu ana yinsu, har da masu lantarki, amma sabuwa sai an yi oda, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta sa farashin ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Garantin sabuwa ma ba ya amfanar wanda garejin kamfanin ke nesa da shi da tafiyar yini.

Saboda haka kasuwar ta koma ta 'yar Beljiyam da wadda aka hau a gida. A irin waɗannan motoci, ta gida da aka san mai ita da makanikenta sau da yawa ta fi baƙuwa mai sheƙin fenti, don da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka motocin haɗari ne ko na ambaliya da aka gyara. A duba lambar shasi ta dace da takardun kwastam. A ɗaga kafet a shinshina, a leƙa ƙarƙashi ko salansa da kaskon mai sun sha duka. A tayar da inji da safe yana sanyi, lokacin ne sarƙar Mini ke tona kanta da ƙara. A gwada na'urar sanyi da tsakar rana, domin faɗin gilashin gaban Bitil na tara zafi a watan Afrilu. Mai giyar hannu ta fi aminci a dukkan ukun. Figaro da 'yan'uwanta na Japan sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma bin hannun dama na titi tun 1972, wanda ke buƙatar sitiyari a hagu, don haka a bar su.

Mai iyali babba, ko wanda mota ɗaya ce za ta kai yara makaranta ta kuma ɗauko buhun masara daga Giwa, waɗannan ba nasa ba ne. Yawancinsu ƙofa biyu gare su, kujera huɗu, but ɗin kuma ƙarami. Wajen sayarwa ma masu nema kaɗan ne, dillali kan daɗe da su a hannu fiye da Corolla ko Golf, don haka a sa wannan cikin lissafi tun ranar ciniki.